Ruwan da Ya Tafasa Babu Wuta

Litinin, da hantsi

Ina kan benci a ƙofar ɗakin masu ciwon ido. Da safe mutum ɗaya suke bari ya shiga, Kawu ya shiga. Abba yana can ƙarshen baranda, ya ba kowa baya, hannunsa na dama a naɗe da bandeji har gwiwar hannu.

Ni ban ga abin da ya faru ba. Wannan nake ta faɗa wa duk wanda ya tambaye ni. Ranar Asabar ina makaranta wajen darasin shirin jarrabawa. Na dawo na tarar da ƙofar gidanmu a wangale, maƙwabta cike da tsakar gida, maƙwabciyarmu matar tela ta danne kan Umma a ƙarƙashin famfo tana ta kwarara mata ruwa a fuska. Umma ba kuka take ba. Wani irin nishi take yi ta hanci, kamar mai ɗaga kaya mai nauyi.

Ruwan soda ne, na haɗa sabulu. Sun ce tafasa ya yi, ya yi tsalle daga bokiti ya same ta a fuska.

Tun kafin a haife ni Umma take yin sabulu a filin da ke bayan ɗakunanmu. Ban taɓa ganin soda ta ƙona ta ba, in banda wani ɗan tabo a babban yatsa da take nuna min in ta ga ina wasa kusa da bokiti.

Litinin, bayan la'asar

Na shiga. Sun naɗe mata ido biyu. Goshinta da kumatunta sun yi jajur, suna ƙyalli saboda man da aka shafa. Na ce, "Umma, sannu." Ta lalubo hannuna ta ce, "'Yar nan, an rufe man sabulun da na bari a can baya? Kar ƙuda ya faɗa."

Na ce an rufe. Ban sani ba ko an rufe.

Kawu ya ce mata, "Ke dai faɗa min yadda aka yi."

Ta ce, "Haba Yaya, sau nawa zan faɗa? Sakaci na yi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa."

"Shi kuma hannunsa fa?"

"Wajen janye ni ne."

Kawu ya yi tsaki ya fita. Dama shi da Abba ba sa ga maciji tun da aka rufe ma'aikatar buga takardu, Abba ya dawo zaman gida. A ganin Kawu, namiji mai hannu biyu da ƙafa biyu bai kamata ya shekara yana jiran sabulun matarsa ya bushe ba. A gabana ya taɓa faɗa.

Auta tana gidan Kawu wajen matarsa. An ce mata Umma ta yi tafiya.

Talata, da azahar

Likita ya ce a jira.

Laraba, bayan an tashi daga makaranta

Umma ce ta koro ni makaranta. Ta ce zamana a kan benci ba zai ƙara wa magani ƙarfi ba.

Duk darussan da ke duniya, sai yau Malamar kemistiri ta fara mana narkewar gishiri a ruwa. Ta ɗora ƙwayar gishiri ɗaya a kan yatsa, ta ce a cikinta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa iri biyu: sodiyam mai cajin tarawa, da kulorayid mai cajin ɗebewa. A jere suke, wannan kusa da wancan, kowa ya riƙe maƙwabcinsa gam, sama da ƙasa, hagu da dama. Shi kuma ruwa, kowace ƙwayarsa gefe biyu gare ta. Gefen oksijin yana son sodiyam, gefen haidirojin yana son kulorayid. Da gishiri ya faɗa ruwa sai ƙwayoyin ruwa su yanyame na bakin layi, su ɓamɓare shi, su kewaye shi, su yi gaba da shi. Haka ɗaya bayan ɗaya har a nemi gishiri a rasa.

Rediyo ta ce, "Ashe ruwa munafuki ne, Malama. Fuska biyu!" Aji ya tuntsure da dariya. Rediyo ƙawata ce, bencinmu ɗaya, kuma sunan ya bi ta ne saboda har yau ba a gano inda ake kashe ta ba.

Malama ta ce a nan ne maganar zafi take shigowa. Raba su da juna yana shan zafi. Kewaye su da ruwa ke yi kuma yana fitar da zafi. In wanda aka sha ya fi yawa, ruwan ya yi sanyi. In wanda ya fita ya fi yawa, ruwan ya ɗauki zafi. Na gishirin miya kusan kunnen doki ake yi, shi ya sa ba ma jin komai a hannu.

Na ɗaga hannu zan tambayi na soda. Sai na sauke, na yi kamar gyaran ɗankwali nake.

Alhamis, da sassafe

Ba shayi yau ma.

Tun da Abba ya dawo gida shi ya karɓi shayin safe, ba wanda ya isa ya taɓa masa buta. Zai tsaya yana juya kofi yana yi mana wa'azi, wai sukari ɗan taurin kai ne, ba ya jin magana sai a ruwan zafi. Kullum sai ya faɗa, kullum sai Auta ta yi dariya kamar yau ta fara ji.

Yanzu yana fitowa ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya ɗora hannun a kan gwiwa. Na ce, "Abba, in dafa maka?" Ya ce, "Bar shi, Mamana." Sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kirana.

Alhamis, da yamma

Na daure na shiga wurin sabulun don in rufe man. Ƙudaje sun riga ni.

Bokitin yana kife. Simintin wurin ya yi fari fat, har jikin bango, sama da tsayina. Muciyar tana can gefe guda. Na zuba ruwa na wanke, na sake wankewa, farin bai fita ba.

Gilashin da Umma take sawa a ido yana rataye a ƙusarsa. Safar hannunta ta roba tana ninke a kan taga, yadda take ninke ta in ta gama aiki.

Umma ba ta kwance bakin buhun soda sai ta sa su. Ko leƙe zan yi sai ta ce in sa.

Na gani, shi ke nan. Ba abin da nake nufi.

Juma'a, da azahar

Likita ya ce a jira. Abba bai ci abinci ba.

Asabar, da yamma

Yini na yi a asibiti. Nas ta koya min ɗiga mata magani. Ana ɗage bandejin, a buɗe fatar idon da yatsa, a ɗiga. Na hagu ba na iya kallonsa. Baƙin ya koma fari kamar an zuba madara. Nas ta ce soda ta fi wuta sharri, wuta in ta ƙona ta gama, ita kuwa ci gaba take yi da cin nama tana shiga ciki.

Umma tana ta hira da matar gadon da ke kusa, wata tsohuwa da aka yi wa aikin yanar ido. Tana koya mata yadda ake gane sabulu mai kyau, wai a taɓa da harshe, in ya yi cizo bai nuna ba. Tsohuwar ta ce ita haƙoranta ma sun gudu, ba za ta sayar da harshen ba. Suka yi ta dariya. Ni na fita waje.

Abba ya zo, ya tsaya daga bakin ƙofa. Umma ta ce, "Na ji takunka. Shigo mana, ba cizo nake ba." Ya shigo ya tsaya a ƙafar gado. Ta tambaye shi hannun. Ya ce da sauƙi. Ta ce ya riƙa cin abinci. Ya ce to. Iyakar hirar ke nan, mutanen da a gida sai na rufe kunne da matashi kafin in yi karatu.

Litinin, bayan an tashi

Ɗakin gwaji muka shiga. Kofi uku na gilashi, ruwa daidai wa daida, ma'aunin zafi a cikin kowanne.

Na farko gishiri, ma'auni ko gezau. Na biyu wani farin gari, amoniyam kulorayid. Muna juyawa ma'aunin ya yi ta sauka, kofin ya yi sanyi ƙarara. Rediyo ta manna shi a kumatu ta ce ita ta samu sana'a, za ta buɗe shagon ruwan sanyi ba ruwanta da wutar lantarki. Wata ta tambaya, to in narkewar tana shan zafi, me ya sa yake yarda ya narke? Malama ta ce saboda abu a warwatse ya fi samun hanyoyin zama fiye da abu a jere, wannan ma yana da nasa ƙarfin, sai mako mai zuwa.

Na uku ba ta bar kowa ya taɓa ba. Ta sa gilashi a ido, ta sa safa, ta ɗebo 'yan ƙwayoyin soda a bakin cokali, ta zuba kaɗan-kaɗan tana juyawa. Ma'auni ya yi ta hawa. Sai warin nan ya taso, mai shaƙe maƙogwaro, warin wurin sabulun Umma.

Ban san sanda na fita ba. Na tsinci kaina a bakin famfon makaranta ina wanke fuska.

Malama ta biyo ni. Ta ce, "Sai yanzu ƙawarki ta faɗa min. Da na sani da ban sa ki tsaya ba. Allah ya ba ta lafiya."

Na ce amin. Na ce, "Malama, daga ina zafin yake fitowa, alhali babu wuta?"

Ta ce wajen soda ba kunnen doki ba ne. Riƙon da ruwa yake yi wa ƙwayoyinta ya fi ƙarfin riƙon da suke yi wa junansu nesa ba kusa ba, rarar ita ce take fitowa a matsayin zafi. Shi ya sa doka biyu ce: ruwan ya zama mai sanyi, sodar kuma a zuba ta a ruwa kaɗan-kaɗan.

Na ce Umma ta san wannan. Ruwan da ya kwana a inuwa take amfani da shi, in ana zafi har ƙanƙara take jefawa.

Malama ta ce, "To, kin san tsautsayi."

Kowa tsautsayi.

Talata, da la'asar

An ba mu aikin gida a kan lissafin zafin narkewa. Na gama na Malama, sai hannuna ya ci gaba da kansa.

Na san awon Umma, ni nake riƙe mata sikeli: soda uku, ruwa bakwai. Kowane giram arba'in na soda yana sakin zafi kilojul arba'in da huɗu da ɗoriya. Na buga, na raba. Zafin ruwan zai ƙaru da wajen digiri tamanin in babu abin da ya zirare, a zahiri kuma bai kai haka ba, tunda bokiti da iska suna shan nasu, Umma kuma a hankali take zubawa. Daga ruwan sanyi, zai yi zafin da zai saluɓe fata, amma zai tsaya a bokitinsa. Haka na saba gani tun ina ƙarama, yana hayaƙi, yana nan zaune.

Sai na sake bugawa da ruwan da ya fara da zafi.

Babu inda zafin zai je. Ruwan ƙasan bokiti zai koma tururi nan take, ya ɗaga na sama ya watsar.

Na yage takardar. Wataƙila na yi kuskure a lissafin. Dama ina yawan yin kuskure wajen rabawa.

Laraba, da safe

Ban yi kuskure ba.

Laraba, da yamma

Ina neman babbar tukunyar da muke dafa ruwan wanka lokacin sanyi. Ba amfani zan yi da ita ba, nema kawai nake. Ba ta saman kabad inda take zama. Na same ta a lungun wurin sabulun, kusa da ƙaramin risho, murfinta a gefe.

Wa zai dafa ruwan wanka a zafin nan, da tsakar rana?

Na wanke ta na mayar saman kabad. Abba yana zaune a bakin ƙofa lokacin da na wuce da ita. Ya bi ta da ido. Ni ban dube shi ba, shi bai kira ni ba.

Alhamis

Ba zan rubuta komai yau ba.

Juma'a, da hantsi

Abin da nake ta tunawa shi ne yammacin Juma'ar da ta gabaci abin. Umma tana kwance a tabarma tana cewa bayanta zai tsinke, ga mai shago tana jiran sabulu da yawa. Abba ya ce, "Gobe ki huta. Ki nuna min kawai, ni zan yi." Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kai da ko albasa ba ka iya yankawa?" Shi ma ya yi dariya. Amma na ga fuskarsa bayan dariyar ta ƙare.

Shekara guda yana neman abin da zai yi da hannuwansa.

Asabar, bayan azahar

Matar Kawu ta kawo Auta, wai yarinyar ta daina cin abinci. Da ta ga Umma sai ta ƙanƙame ƙafata ta ce wannan ba Ummanta ba ce. Umma ta miƙa hannu wajen da ba nan Auta take ba, tana cewa, "Zo mana, Autata, ni ce." Sai da ta rera mata waƙar da take yi mata wajen wanka sannan ta matso, ta taɓa bandejin da yatsa ɗaya, ta ce, "Wa ya ɗaure miki?"

Umma ta ce, "Likita."

"Ki ce ya kwance."

Litinin, da azahar

Sun kwance.

Na hagu ya tafi. Haka likita ya faɗa, da wasu kalmomi masu laushi, amma haka yake nufi. Na dama tana bambance haske da duhu, in aka kaɗa hannu a gabanta tana cewa wani abu ya gifta. Ya ce wataƙila nan gaba a yi aiki, in idon ya huce, in jijiyoyi ba su rufe shi ba, in, in, in.

Umma ta ce alhamdu lillahi. Kawu ya buga bango da tafin hannu. Abba ba ya ɗakin.

Talata, da yamma

Kawu ya ce in raka shi wajen mota. Muna isa ƙarƙashin bishiyar da yake ajiye ta, ya jingina ya ce, "Ɗiyata, ke ce mai karatun kimiyya a gidan nan. Tambaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah ki ba ni amsa."

Na ce to.

"Uwarki ta fi shekara ashirin tana wannan aiki. Ruwan sanyi, da kansa, yana iya tashi haka ya watsu har bango?"

Na ce, "In aka juye sodar gaba ɗaya a ruwa kaɗan, yana iya yi, Kawu."

Gaskiya ce. Malama ma za ta ba ni maki.

Ya ce, "Ita kuma za ta juye gaba ɗaya? Babu gilashi a idonta?"

Na ce, "Bayanta yana ciwo ranar. Wataƙila sauri take."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Wallahi in na tabbatar da hannun mutumin nan a ciki, ƙanwata ta bar gidansa ke nan har abada." Sai ya share ido da hannun riga, ya ce tun tana goye yake ɗaukarta, ita kaɗai ta rage masa. Ban taɓa ganin Kawu yana kuka ba. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da abin ya fi min sauƙi.

Laraba, da safe

Abba bai ci abinci ba. Wandonsa sai da ya ƙara huda bel.

Alhamis, bayan la'asar

Tsohuwar gadon kusa an sallame ta, muka rage mu biyu. Ina ba Umma shinkafa a baki, tana cewa na cika cokali kamar mai ɗura wa rago.

Can ta ce, "Me kuke karantawa yanzu a makaranta?"

Na ce narkewar abubuwa a ruwa.

"Har da soda?"

"Har da ita."

Ta tauna a hankali ta haɗiye. Ta ce, "Yaya ya ce ya tambaye ki."

Na ce e.

"Allah ya yi miki albarka." Sai ta ce, "Kwanciya na yi, barci ya ɗauke ni. Motsin bokiti na ji na taso. Na zo ina cewa tsaya, na sunkuya in janye shi." Ba ta faɗi wa ta ce wa tsaya ba. "So yake in farka in tarar an gama."

Na ce, "Umma, da kin bari an faɗa. Ai ba da gangan ba ne."

Ta ce, "A faɗa wa wa? Yaya ya raba mu, shi kuma ya ƙarasa mutuwa? Ido ya riga ya tafi, 'yar nan. Kar a bi shi da sauran." Ta buɗe baki. "Zuba min, kuma ki rage cokalin."

Na kai mata cokalin, rabin shinkafar a zaninta ya zube. Ba ta gani ba.

Juma'a, bayan an tashi

Litinin za a sallami Umma. Kawu ya yanke cewa gidansa za ta, ya fi kusa da asibiti, kuma can unguwar babu warin soda. Bai ce na kwana nawa ba. Matarsa tana zuwa aiki, don haka sai an samu mai zama da Umma, mai ɗiga magani, mai kai ta banɗaki. Ba a tambaye ni ba, ba a kuma buƙaci a tambaye ni ba. Daga can zuwa makarantarmu mota biyu ce.

Na faɗa wa Malama. Ta cire tabarau ta ajiye a tebur ta ce, "Jarrabawa saura ƙiris. Ke ce wadda nake sa rai da ita a ajin nan." Na ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Ta ce duk masu cewa baɗi, ba ta cika ganinsu baɗin ba. Ta ce za ta je ta samu Kawu. Na ce ta bari. Ta ba ni littafinta na kemistiri, nata na kanta, mai rubutun jan biro a gefe-gefe.

Rediyo ta raka ni har bakin titi ba ta ce uffan ba. Na ce mata, "Yau an ɗauke wuta ne?" Sai ta fashe da kuka, ni nake ba ta haƙuri.

Asabar, da hantsi

Mai shago ta aiko a kwashe mata ragowar sabulun da ya bushe. Abba ne ya jera su a kwali da hannu ɗaya, yana goge kowanne da gefen rigarsa. Buhun sodar kuma ya ce a ba matar tela ta kai wa duk wanda yake so.

Lahadi

Na haɗa kayan Umma. Ban san wane zani take so ba, sai na tuna ba za ta san wanda na ɗauko ba.

Litinin, da la'asar

Daga asibiti Kawu ya biyo da mu gida don mu ɗauki jakunkuna. Bai kashe mota ba. Umma tana baya, an sa mata baƙin tabarau. Ta ce a kira mata Abba. Ya zo ya tsaya a jikin taga. Ta ce, "Ka riƙa buɗe tagogi da safe, ɗakin nan yana riƙe zafi. Kuma ka ci abinci." Ya ce to. Ta fito da hannu ta taga, ya riƙe da na hagunsa. Kawu yana kallon gaba.

Na koma ciki ɗauko jakar ƙarshe, Abba ya biyo ni. An kwance masa bandeji, fatar hannun ta yi dabbare-dabbare, ja da fari. Ya tsaya tsakanina da ƙofa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ya ce, "Mamana."

Na ce, "Na'am, Abba."

"Ranar nan. Ina so ki sani, ni ne na..."

Na ce, "Abba, mota tana jira."

Ya tsaya da bakinsa a buɗe. Na san so yake ya faɗa wa mutum ɗaya, ko da ɗaya ne a duniya, ya sauke. Ni kuma in ya faɗa, ya zama an faɗa. Kawu zai sake tambayata wata rana, ya ce in ji tsoron Allah.

Ya matsa ya ba ni hanya. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Da muka kai kwanar layi na waiga. Yana nan a ƙofa, bai ɗaga hannu ba.

Laraba, da yamma, gidan Kawu

Ɗakin da aka ba mu yana da taga babba mai kallon gabas. Auta tana kwana a jikin Umma. Magani sau shida a yini. Littafin Malama yana ƙasan jaka, ban ciro shi ba.

Abba ya kira wayar Kawu sau biyu. Kawu ya ce tana barci. Ba barci take ba.

Juma'a, da hantsi

Yau rana ta fito tarwai, har kan gadon ta shigo, tana kwance a kan zanin Umma. Ina ninke kaya sai Umma ta juyo da fuskarta wajen da take jin motsina.

Ta ce, "'Yar nan, gari ya waye sosai fa. Ɗage mana labulen nan."

Tun asuba na ɗage shi.

Na je na kama labulen, na ja shi ya yi ƙara a kan ƙarfensa, na ce, "Na ɗage, Umma."

Ta ce, "Yauwa. Ko ke fa."